Ɗaya Bakwai a Jere

Shekara ashirin da shida Malamin Lissafi yana koyarwa a makarantar nan, har yara sun laƙaba masa suna Baba Alli, don hannun rigarsa ba ya rabo da farin ƙura. Kujerar da ke kusa da taga a ɗakin malamai tasa ce, kuma duk tambayar da ta gagara, gabansa ake kawo ta.

Ran Litinin shugaban makaranta ya rubuta wata lamba a allon ɗakin: 1,111,111. Ya ce a faɗa masa ko tana rabuwa.

Baba Alli ya gyara tabarau ya hau bayani. Mara ce, ba cika ba. Ta gaba ta baya duk karatunta ɗaya. Uku ba ta raba ta, bakwai ma haka. Kwana biyu yana gwaji da jerin lambobin da su kansu ba sa rabuwa, a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, har ya kai 233, kowane karo sai an sami saura. Ya ajiye biro ya ce, "Wannan ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Ku rubuta ku ajiye."

Washegari ya shigo ya tarar da malamai sun yi cincirindo gaban allo. A ƙarƙashin lambar an rubuta da siririn rubutu: 239 × 4,649. Wata sabuwar malama ce ta rubuta, wadda ko wata uku ba ta yi da zuwa ba, wadda ya taɓa koyar da mahaifiyarta.

Ya zauna ya ninka sau uku yana addu'ar a sami kuskure. Babu. Abin da ya fi ci masa rai, 239 ita ce ta gaba a jerin da yake gwadawa.

"Sannu da ƙoƙari, 'yata," ya ce da murmushin yaƙe. "Waya dai ta sauƙaƙa wa 'yan zamani aiki."

"A'a Baba, da hannu na yi," ta ce, ta miƙo masa littafinta, shafi huɗu cike. Ya duba sama-sama ya mayar mata. Rubutun ma tsaf, ba gogewa ko ɗaya, wannan ma ya ƙara masa haushi.

A gida ya faɗa wa matarsa cewa yarinyar ta cika rawar kai. Ta dube shi ta ce, "Malam, lissafin nata daidai ne ko ba daidai ba?" Ya ce a kawo masa ruwa.

Ran Juma'a ya shiga aji shida, ya rubuta lambar, ya fara warware ta kamar shi ya gano, bai ambaci kowa ba. Bai kai rabi ba wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, ai Malama ta nuna mana jiya."

Ya ajiye alli. Ya ce, "To, madalla. Ku buɗe shafi na arba'in."