Gawar Yaya Gisola

Yayata Gisola ba ta taɓa kiran kanta waliyyiya ba, mutanen birni ne suka laƙaba mata. Bayan annoba ta ɗauke 'yarta Lapa, sai ta baro ƙauyenmu zuwa birni, ta roƙi a gine ta cikin wani ɗan ɗaki a jikin coci, babu ƙofa, sai taga. Nan ta tsufa tana azumi, tana ganin Yesu ido da ido. Marasa lafiya suka yi ta tururuwa, wasu kuwa sun warke, ba zan yi ƙarya ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, ta kira ni bakin tagar.

"Nuta, in na mutu ki mai da ni gida, kusa da Lapa."

"Haba Yaya, ke da kike hira da Ubangiji, kabari ne zai dame ki?"

"Shi sama ya yi mini alkawari. Ƙasa kuwa ke nake roƙo. Yarinyar nan ba ta son kwana ita kaɗai."

Na kai kukana wurin limamin cocin, Fada Ranieri. Ya ce, "'Yata, waliyyiya ba ta da ƙauye. Garin da ya ciyar da ita shi ke da gawarta." Wai ciyarwa! Busasshen burodi da ruwa. Washegari dattawan birni suka zuba masu gadi, kowa da mashinsa, a bakin tagar, kada a sace ta. Tana numfashi ana sassaƙa akwatin gawarta, tana jin ƙarar guduma.

Ranar da ta cika, ni kaɗai na yi kuka. Aka yi ta kaɗa ƙararrawa kamar ana biki. Aka fasa bangon, aka shimfiɗe ta cikin coci gaban bagade, jama'a suka yi layi, kowa ya durƙusa ya sumbaci hannunta. Matar mai masaukin baƙi har da dafa mini kafaɗa: "Kakarmu ta yanke saƙa, Nuta! Bana ko ɗakin jakuna sai ya cika da masu ziyara."

Baƙin ciki kamar ya kashe ni. Na shiga layin. Da aka zo kaina na durƙusa, na yafa mayafina a kan hannunta, na sa ƙaramin yatsanta a baki, na cije. Azumi ya riga ya busar da ita, ƙashin bai yi gardama ba.

"Iya, ya isa haka, akwai mutane a bayanki," in ji mai gadi.

Na tashi bakina a rufe. Har yau ana gaya wa masu ziyara wai mala'ika ne ya ɗauke yatsan. Ni dai na fita ƙofar birni ban amsa gaisuwar kowa ba, ban tofar ba sai a bakin kabarin Lapa. Na tona gefensa da hannu, na saka, na mai da ƙasa.

Na ce, "Lapa, ga uwarki. Iyakar abin da na iya ƙwato miki ke nan. Riƙe da kyau."