Takun Tabawa

"Inna, wanga kifi shi ma ya ci Kaka?"

Mariya ce ta yi tambayar, ɗiyata ta fari, shekararta biyar. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, ga tuwon shinkafa, ga miyar tarwaɗar da babanta Tanko ya kamo da safe. Tanko ya ɗauko loma, hannunsa ya tsaya a hanya.

Na ce, "Wace Kaka?"

"Innarki mana. Wadda ke cikin ruwa."

Ba ƙarya ta yi ba. Mu mutanen Gungun Kanya ne, tsibiri a tsakiyar Kwara. Ina da shekara tara aka tare kogin a Kainji, ruwa ya hau, gwamnati ta kwashe mu zuwa gidajen siminti a bakin tafki, kusa da Wara. Innata Tabawa ta rasu shekara guda kafin tashin. Kabarinta yana can tare da na sauran, yanzu jiragen kamun kifi suna bi ta kansu. Ban taɓa gaya wa Mariya wannan ba. A filin makaranta ta gani.

Malam Lawali, malamin firamare da aka turo mana daga Yelwa, shi ya shirya wasan rawa wanda za a kai Sakkwato bikin al'adu na jiha. Mutumin kirki ne, labarin nutsewar gungunmu ya shiga ransa ƙwarai. Ran da suka yi gwaji duk gari ya je. Ya sa wasu sun kwanta an lulluɓe su da farin ƙyalle, su ne kakanni. 'Yan mata suka ja shuɗin yadi bisa kansu, ruwa ke nan ya zo. Sai samari suka shigo da kawunan kifi na kwali, suna rawa suna sunkuyawa kan na kwance, suna buɗe baki suna rufewa. Manya suka yi ta tafi, tsofaffi wasu har da hawaye. Ni ina can baya ina jijjiga ƙaninta da na goya, na bar Mariya ta kutsa sahun gaba don ta gani da kyau.

Daga ranar tambayar ba ta ƙara taɓa kifi ba. A wani gida wannan ba komai ba ne, amma gidan masunci ko miyar kuka sai da banda. Takan sunsuna kwano, in ta ji ƙamshi ta ture. Na yi mata miya daban, ta ce tukunyar ɗaya ce. Ta koma kunu kawai, shi ma sai na rantse da ruwan rijiya na dama. Kwana tara, ƙashin wuyanta ya fito, zoben da ke yatsarta ya fara zamewa.

Na ce mata kifi ba ya cin mutum. Ta ce ta ga tarwaɗa na cin mataccen akuya a bakin gaɓa. Tanko ya karyo tsumagiya, na tsaya tsakaninsu na ce, "Ba ka bugun yarinya don ta ƙi cin kakarta." Ya yar da tsumagiyar ya fita yana ƙunƙuni, da yamma kuma ga shi da ƙuli-ƙuli a aljihu. Na je na faɗa wa Malam Lawali. Hankalinsa ya tashi, ya zo har gida da kan kifi ɗaya, ya durƙusa ya nuna mata cikinsa.

"Kin gani, Mariya? Kwali ne da fenti. Ɗan gidan Maikuɗi ne a ciki."

Ta ce, "Na sani, Malam. Na cikin ruwa fa, shi ma kwali ne?"

Ya miƙe, ya tafi da kifinsa a hammata.

A rana ta goma na ɗauke ta muka je wurin Baba Dogo, wan mahaifina, makaɗin gungunmu tun kafin a haife ni. An roƙe shi ya yi wa wasan Malam Lawali kiɗa ya ƙi, bai kuma faɗi dalili ba. Muka same shi ƙarƙashin mangwaro yana ɗaure tsarkiyar ganga. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai.

Ya dubi Mariya. "Ke, matata, mi ya sa kika bushe haka? So kike a ce ba ni ciyar da iyali?"

"Ni ba matarka ba ce, ba ka da haƙora."

"Awo. Kifi ai ba ya son haƙora. Zo nan. Wa ya ce miki Tabawa na cikin ruwa?"

"Na gani."

"Wanda ya nuna miki yana nan ran da muka taso? Yana Yelwa yana koyon baƙi. Ni ina nan."

Sai ya ba mu labarin da ni kaina ban sani ba, don an sa mu yara a jirgin farko. A gungu kowane babba yana da takensa, kiɗan da in an buga kowa ya san da wa ake, kuma taken ba ya mutuwa da mai shi. Ran tashi, bayan kowa ya wuce, Baba Dogo ya tsaya da mai tuƙi ɗaya. Ya shiga makabarta da gangarsa, ya bi kabari kabari yana buga wa kowa takensa, yana cewa a tashi, gari ya tashi. Ya shiga jirgi bai daina ba. Tun hantsi har la'asar yana kiɗa, in ya kai ƙarshen sunaye ya komo farko, don kada wani ya ɓata a hanya. Sai da ya taka wannan gaɓa ya ajiye gula.

"Mutum ɗari da goma sha huɗu," in ji shi. "Jirgin har ya yi nauyi, mai tuƙi yana ta tsaki. Ƙasa da ƙashi muka bar wa ruwa. Mutane kam duk sun biyo mu."

Ni ina salla, na kuma san abin da liman ke faɗa game da rai da inda yake zuwa. Allah ne masani. Amma na ga yadda yarinyata ta matso har gwiwarta ta taɓa gangar, sai na ja bakina.

Ta ce, "To ina take?"

"Ba a ganinta zaune. Sai an kira ta." Ya rataya ganga, ya juyo wurina. "Ke kuma, tashi. Kwance goyon nan ki ba ni shi nan kusa."

Na ce, "Baba, ni da na yi aure? Rabona da rawa..."

"Ban ce ki yi rawa ba. Tsaya kawai."

Na tsaya kamar an dasa ni, kunya ta rufe ni. Ya fara bugawa a hankali. Bugu uku a jere, ɗan jinkiri, sannan ɗaya mai nauyi. Shekara goma sha uku ban ji shi ba, ban ma san ina riƙe da shi ba. Innata gajera ce mai sauri, kuma ƙafarta ta hagu ta taɓa karyewa, don haka in tana hawowa daga kogi da tulu takan yi taku uku da sauri ta ja na huɗu, hannu ɗaya a ƙugu. Kiɗan tafiyarta ne. Kafin in yi tunani hannuna ya hau ƙugu. Ƙafata ta hagu ta ja ƙasa.

Ban san sau nawa na zagaya mangwaron ba. Na dai ji guɗa. Tsofaffin mata sun fito daga gidaje, wata da ludayi a hannu. Gwaggo Altine, ƙawar Innata tun suna 'yan mata, ta taho tana dafa sanda tana ihu.

"Tabawa! 'Yar nema, sai yau? Ina tabarmata da kika ara?"

Aka fashe da dariya. Ta jefar da sandar ta shigo fili, ta bi bayana tana kwaikwayon takun, tana zagina da zagin da suke yi wa juna da. Ina dariya, hawaye na zuba har wuyana. Da kiɗan ya tsaya na zube a ƙasa ina haki.

Mariya ta zo ta dafa ƙafata ta hagu, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta juya wurin Gwaggo Altine.

"Kifi bai cinye ta ba?"

"Wa? Tabawa?" Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ke, wace tarwaɗa ta isa? Matar da in an dafa kifi sai ta tsame kan kifin ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, ta ce wai kyanwa ce! Ita ta ci su, ɗiyata. Rabin kifin Kwara a cikinta ya ƙare."

Mariya ta tsaya tana lissafin abin. Can ta ce, "Kai take so?"

"Kai, da ido, da komai."

Da muka koma gida na ɗora tukunya. Na zuba, na ajiye, na juya baya ina wanke-wanken da bai kai a yi ba. Na ji motsin faifai. Da na saci kallo, ta tsame kan tarwaɗar ta ɓoye, tana tsotsar ƙashin a hankali, miya har gwiwar hannu. Tanko ya shigo, na harare shi, ya gane, ya zauna ya tambaye ta ko ta ga inda kan ya shiga. Ta ce kyanwa ce.

Malam Lawali ya ji labari, ya je ya wuni wurin Baba Dogo da littafinsa. An ce da suka je Sakkwato sun bar kawunan kifin a gida, an ce kuma alƙalan gasar sun fi son wasan wata ƙaramar hukuma. Wannan bai dame ni ba. Zoben Mariya ya daina zamewa kafin sabon wata.

Ke uwa mai karanta wannan, da kai uba, ku ji ni da kyau. In an ce za a yi wasa da matattun gidanku a fili, kada ku tura yaro sahun gaba ku koma baya. Ku fara zuwa wurin tsohon da yana nan aka yi abin, ku ji daga bakinsa, ku kuma je da yaron. Tsofaffin nan ba su da yawa, kuma ba sa faɗa sai an tambaye su.