Rabin Kwalba a Aljihun Sista

Mai wanki ne ya tsinci kwalbar a aljihun farar rigar Sista. Ƙarama ce mai murfin roba, da sauran ruwan allura kusan rabi a ciki. Ya ga tambarin asibiti a jiki, sai ya kai ta tagar da ake ba da magani, ya kuma faɗi mai rigar don a mayar mata da kayanta.

Allurar kashe zafi ce mai ƙarfi, irin wadda ake kullewa a kabad. Ƙa'ida ita ce in an yi wa majiyyaci rabi, a zubar da sauran a gaban wata ma'aikaciyar jinya. Sista ta fi kowa sanin haka, don ita ke koya wa sababbin zuwa. Ran nan tana gama allurar aka ce wani tsoho ya zamo daga gado. Ta jefa kwalbar a aljihu, kamar yadda yawancinsu ke yi in aiki ya yi yawa, ta manta.

Asibiti ya dakatar da ita, ya miƙa maganar ga hukumar da ke ba da lasisi. Zargin shi ne tana kwasar maganin, ko ta sayar ko ta yi wa kanta. In kwamitin ladabtarwa ya yarda da haka, ta bar aikin jinya ke nan.

Maigidanta ya ce babu lauyan da za a nema sai ƙaninsa. Ita ta so bare. Tun da aka kawo ta gidan, ba ta taɓa haɗuwa da ƙanin nan bai tsokane ta ba. Amma da ta shiga ofishinsa sai ya miƙe, ya ja mata kujera, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Wannan ladabin ya fi tsokanar ciwo.

Ta ce ko za a iya cewa wani ne ya saka mata. Ya tambaye ta wane ne, ta janye maganar. Ya ce to a kira abokan aikinta su shaida cewa kowa na sa kwalba a aljihu. Ta ce ba za ta ja 'yan sashensu cikin wannan ba, yawancinsu ita ta koya musu aikin.

Ya ajiye biro. "Anti, kina yi wa kanki allurar nan?"

"Ni kake tambaya? Ni da na yi maka allurar zazzaɓi kana kuka kamar akuya?"

"Su ma haka za su tambaye ki, kuma su ba ki taɓa yi musu allura ba."

"Ba na yi."

Ya ce to hanya ɗaya ta rage. Wato ta amsa sakaci da bakinta, sannan ta nemi a gwada fitsarinta da ruwan kwalbar tun kafin su nema. Ta yi gwajin a asibitin da take aiki. Wadda aka sa ta tsaya a kanta a banɗaki tsohuwar ɗalibarta ce. Yarinyar ta kafa wa bango ido, sai da Sista ta ce mata ta juyo ta duba, haka doka ta ce.

Ranar zama, lauyan bai yi dogon bayani ba. Gwaji ya fito babu komai a jikinta, ruwan kwalbar kuma daidai yake da abin da ya kamata ya rage. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaye ta abin da take faɗa wa ɗalibai game da sauran allura. Sista ta karanto ƙa'idar daga farko har ƙarshe, ba ta ɗaga kai ba.

Ba a ƙwace lasisin ba. An rubuta mata gargaɗi, aka ce za ta yi wata shida ba ta taɓa irin wannan magani sai da mai sa ido.

A bakin mota ƙanin mijin ya ce Yaya na jira a waya, ko ita za ta gaya masa. Ta ce ya gaya masa shi. Ta shiga baya ta zauna, ko da yake babu kowa a kujerar gaba.