Sarƙar Tsatsa

Duk wanda ya tashi a Oje ya san launin Ibadan: jan tsatsar kwanon rufi, tun daga kan tudu har inda ido ya tsaya. Yanzu kuwa shuɗin alminiyam ke cin unguwar gida-gida, kamar makero a kan yaro.

Ranar da 'yan uwan Morenike suka rushe gidan kakansu Akanmu don gina shaguna, ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta kutsa cikin ɓaraguzan, ta jawo falle ɗaya na kwanon ɗakin da aka haife ta, ta ɗora a kan acaɓa. Sauran duk 'yan gwangwan suka kwashe kafin la'asar.

Morenike maƙeriyar kayan ado ce, amma irin waɗanda ake ratayewa a zauren baje koli, mutane su tsaya suna gyaɗa kai kamar sun gane. A Legas ta koyo sana'ar, ta dawo ta roƙi gefen benci a shagon Baba Lasisi, maƙerin zinariya da ya haura tamanin, wanda ya tashi a hannun kakanta. Fallen ya ruɓe, guntu tara kacal ta samu masu ƙwari. Ta yanke su da siffar rufin gidaje don ta haɗa sarƙar wuya, ta yi wa kowanne baki da azurfa. Wata biyu tana lallaɓa tsatsar kada ko ƙwaya ta zube. Baba yana kallo yana tsaki. A wurinsa, sarƙar da ba ta ƙyalli cin mutuncin wuya ce.

Saura kwana huɗu a kai aikin baje koli, ta je Legas cike takardu. Da ta dawo ta durƙusa ta gaishe shi, sai ta ga yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ya warware ƙyalle. Guntayen nan tara suna walƙiya, fari fat. Ya dirje su tas da yashi da toka, yadda yake gama kowane aiki tun yana saurayi.

Babu wani kwanon, babu wani gidan. Tsatsar shekara sittin ta bi ruwan wanki zuwa kwata. Ta so ta yi ihu, amma ba a ɗaga wa mai furfura murya, ko da ya yi maka gyaran gangar Auzinawa.

"Baba," ta ce, "launin gidanmu kuka wanke."

"Launin gidanku?" Ya cire tabarau. "Ke 'yar nan, jiya-jiya aka haife ki, ke za ki gaya mini launin gidan Akanmu? Ni na riƙa miƙa masa ƙusa ranar da aka buga kwanon nan. Haka yake, fari. In ka hango Oje daga tudun Mapo da rana tsaka, sai ka kare ido. Tsatsar da kike tarairaya, mu baƙin cikinmu ce. A kan idonmu garin ya yi ja."

Bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa garin da take wa makoki, shi ma wani garin ya binne. Haushin dai bai tafi ba, gaskiya, sai dai ta rasa inda za ta sauke shi.

Ta ja kujera, ta ɗauki awartaki. Baba ya turo mata kwalbar man da ake shafa wa ƙarfe don kada iska ta ci shi, ya ce ta shafa tun yanzu, in ba haka ba damina ɗaya ta ishe shi. Ta mayar masa da kwalbar. Ya ce masu baje kolin ba za su karɓi abin da zai sauya launi a hannunsu ba. Ta ce in sun ƙi, ai wuyanta na nan.

Ya sake turo kwalbar. Ta sake mayarwa, wannan karon da hannu biyu.

"Haka zan haɗa ta, Baba, fara, yadda kuka san gidan. Ba mai, ba komai. Zan rataya ta ruwa ya doke ta, gumi ya ci ta. Ko shekara nawa ne zan jira, sai na ga nawa gidan."