Alhamis ɗin Malam Munkaila

A shekarun da hanyar Tafo duk kurmi ce, gwamnati ta buɗe wata 'yar makaranta a bayan Zangon Kumasi, aji ɗaya tal. Malam Munkaila, wanda ya taɓa yin tafinta a kanti, shi aka ɗauka ya koyar. Sharaɗin guda ne: ranar da sufeto ya zo, in yara ba su kai ashirin ba, a rufe.

Munkaila ya bi gida-gida har ya rubuta suna ashirin da bakwai. Litinin zuwa Laraba, benci cike. Alhamis kuwa, ba kowa a ajin sai kaji. Kun san makarantar allo, Alhamis da Juma'a hutu ne, to iyaye suka ɗauka kowane karatu haka yake. Asabar da Lahadi kuma, da gwamnati ta ce a kulle, sai ga yara a ƙofa, an shafe su da mai. Bawan Allah bai iya korarsu ba, ya riƙa buɗewa yana koya musu.

Rannan takarda ta iso: sufeto zai zo Alhamis.

Ya garzaya wurin Goggo Mamuna mai goro, wadda jikokinta shida ke ajin.

"Goggo, a taimaka. Wannan Alhamis ɗin kaɗai."

"Kai Munkaila, bokon ya taɓa maka kai? Ubanka ya taɓa tura ka karatu ran Alhamis?"

"Za a rufe fa, Goggo."

"To shi sufeton ba shi da ƙafa ran Asabar?"

Alhamis ta zo, yara huɗu. Sufeto, wani dogon Bafante, mutumin bakin teku, mai tabarau, ya dubi benci, ya zaro alƙalami. Munkaila ya faɗi gaskiya duka, har da buɗewar da ba a ba shi izini ba. Sufeto ya kira ƙaramar cikinsu, Fatu, ya miƙa mata littafi. Ta karance shafi guda, ba gargada.

"Kwana nawa kake koya musu a mako?"

"Biyar, ranka ya daɗe. Sai dai ba biyar ɗinku ba."

Ran Asabar sufeto ya dawo ba sanarwa, ya ƙirga ashirin da tara, don Goggo Mamuna ta ƙaro biyu. Ya bar wa Munkaila takardar gargaɗi kan buɗe makaranta ranar Lahadi. Ajin kuwa ba a rufe ba.