Hannayen da Suka Tsiro a Fadama

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma har yanzu ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar cikinsa bai bar hancina ba.

Yayana Tasi'u shi ne golan Kuka Biyu, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, wadda bana ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Ni ban taɓa taka filin ba. Daga yadda yake ajiye takalmansa a tsakar gida nake gane sakamako, kuma tun farkon damina jefar da su yake yi.

A mafarkin na tsinci kaina a bakin wata fadama. Garinmu ne, amma an ɗan karkata shi. Inuwar mutum takan riga shi isa wuri, ta zauna ta jira shi. Yayyafi yana tashi daga ƙasa zuwa sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ban ji tsoro ba. Na dai tattare bakin zanena.

A kan kunyoyin fadamar, ƙafafun mutane ne suka tsiro, tafinsu yana kallon sama. Wasu sun fito har gwiwa, wasu yatsu ne kawai suka leƙo. Wani tsoho mai lambu yana bi yana cire musu ciyawa, in ya taɓa tafin wata sai ta yi ta wutsil-wutsil.

"Sannu da aiki, Baba," na ce. "Me aka shuka?"

"'Yan ƙwallo, 'yata. Bana 'yan baya sun yi kyau. 'Yan gaba ne tsutsa ta ɗan taɓa."

A tsakiyar fadamar akwai shuka ɗaya da ba ƙafafu ba ce. Hannaye ne biyu, kowanne ya kai faɗin faifai. Iska ta fizge hular tsohon, hannu ɗaya ya cafe ta, ɗayan ya kakkaɓe ta, suka miƙa masa.

"Gola ne," in ji tsohon. "Tun da nake noma ban ga irinsa ba. Gobe za a yi girbi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gasa ita ke fara zaɓa."

"Ta ƙarshe, Baba?"

"To, da ta farko? A gidanku mai ƙoshi ake fara zuba wa tuwo?"

Na yi tunani, na ga kamar akwai gaskiya a maganarsa.

Sai ga ni a ofishin ƙungiyarmu. Ciyaman bunsuru ne, fari, mai gemu a gyare. Yana zaune a kujera mai juyawa yana taunar tutar kusurwar fili.

"Ke ce ƙanwar gola," ya ce. "Zauna. Yayanki ɗan halak ne. Bana ƙwallon da ya bari ta wuce, ko ƙofar kasuwa ba ta ga mutane haka ba."

"Ranka ya daɗe, ba da gangan yake yi ba."

"Shi ya sa na ce baiwa ce. Yau saura wasa ɗaya, da Tudun Ƙaya. Su ma ba su ci ko ɗaya ba, marasa kunya. In muka yi nasarar shan kashi, hannayen nan namu ne."

Ni ba na iya yi wa manya tambaya, ko a aji sai dai in rubuta a gefen takarda. Amma a mafarki bakina ya fi ni ƙarfin hali.

"Bara wa ya zo na ƙarshe?"

"Mu," ya ce, yana ɗaga gemu.

"Bara waccan fa?"

"Mu. Ba mu taɓa bari an ƙwace mana ba."

"To ina waɗanda kuka zaɓa?"

Ya kai ni bayan ofis, inda wani ƙaton rumbu yake. Ya ɗaga murfin. A ciki samari ne zaune a jere, sanye da sabbin riguna, an barbaɗa musu toka saboda ƙwari. Ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Sannunku. An fara wasan ne?" Ciyaman ya mayar da murfin.

"Me ya sa ba sa bugawa?"

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi dalilin da ya sa ruwa ke da laima.

"Malama, in suka buga za mu ci wasa. In muka ci wasa, wa zai ba mu zaɓin farko baɗi? Ke da kika yi jami'a!"

"Yaushe za a fara ci ke nan?"

"Nan gaba."

"Yaushe ne nan gaba?"

"Kullum tana nan inda take," in ji shi. "Shi ne kyawunta."

Muna komawa ya ƙara da cewa rumbun ya cika, kuma mai lambu ba ya ba da sabon gola sai an mayar masa da tsohon golan ya yi iri. Ya faɗi haka yana neman inda ya ajiye sauran tutar.

Na samu Yaya Tasi'u a gindin raga yana ɗaure takalmi. Ragar da zaren taliya aka saƙa ta.

"Ruma, ke ce a fili? Yau za a yi ruwa daga sama."

"Yaya, shuka ka za su yi."

"Na sani. An ce ba zafi. Kai ƙasa, ƙafa sama, ana ba da ruwa safe da yamma." Ya ja igiyar takalmin. "Ai don ƙungiya ne. Kin ga hannayen nan kuwa? Ni nawa ko ƙwai aka jefo sai na yi addu'a."

"In ka tare fa?"

"Sai garin nan ya ce ni na hana su hannayen. Mai shayi ma ba zai ƙara sa min madara ba."

Ya yi dariya, amma igiyar da yake ɗaurewa sau uku yana kwance ta.

Alƙalin wasa zabuwa ce. Ba ta da usur, ba ta kuma bukatarsa. Tana yin kuka aka take ƙwallo.

Ban taɓa ganin wasa irin wannan ba. 'Yan Kuka Biyu suka juyo da ƙwallo kan ragarsu. 'Yan Tudun Ƙaya, har da golansu, suka rugo gaba ɗaya suka yi wa ragar Yaya katanga, don kada a ƙwace musu shan kashinsu. Mudassir, kyaftin ɗinmu, abokin Yaya tun suna tallan rake, shi ne ya fi kowa zafi.

"Matsa min, ɗan Tudun Ƙaya! Ragarmu ce ko taku?"

"Wallahi ba za ta shiga ba! Mu ma da iyalinmu!"

'Yan kallo suna ta tsalle a cikin lemominsu. Duk lokacin da ƙwallo ta yi waje sai su ce, "Kash!" Wata mata a gefena ta ba ni gyaɗa, ta ce bara da aka ci su bakwai har rawa ta taka.

Can rana ta gaji ta zauna a kan katangar fili. Mudassir ya samu rata tsakanin ƙafafun mutum biyu, ya ɗaɗa ƙwallo da ƙarfi. Ta tafi ɗiiii, ta zo daidai fuskar Yaya, sai ta tsaya cak a iska ta yi sallama. A garin nan ƙwallo ba ta shiga raga sai an ce mata ta shigo.

Fili ya ɗauki ihu.

"Ka ce ta shigo!"

"Tasi'u, baƙuwa ce, kada ka bar ta a tsaye!"

Mudassir ya ce a hankali, "Aboki, zan riƙa zuwa ina cire maka ciyawa."

Ƙwallon ta sake sallama. Yaya bai dubi kowa ba, ni ya waiwayo ya duba.

"Ruma, me zan ce mata?"

Dubban idanu suka juyo kaina. Na ji muryata ta gudu ta ɓuya a ƙarƙashin harshena. Da na lallaɓo ta, 'yar ƙarama ce, amma sai zabuwa ta yi shiru, kowa ya ji.

"Yaya, ni dai ban san yadda fuskarka take ba in ka ci wasa. Ina so in gani."

Ya tsaya kamar mai ƙoƙarin tuna sunan wani. Sannan ya miƙa hannayensa, waɗannan ƙanana masu tabon faɗuwa, ya rungume ƙwallon.

"Yi haƙuri," ya ce mata. "Ba nan ba ne. Can gaba."

Ya buga ta sama. Ta tsallake kowa, ta gangara har ragar Tudun Ƙaya, inda babu kowa sai wata tsohuwa da ta samu inuwa tana tsintar shinkafa. Ƙwallon ta yi sallama.

"Shigo mana, 'yar nan," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago kai ba.

Zabuwa ta yi kukan tashi.

Ba wanda ya san abin da ake yi in an ci. Mutane suka riƙa kallon juna. Ciyaman ya tofar da tutar bakinsa ya ce, "Shi ke nan. Kun kashe mana nan gaba." Wani dattijo ya ce yana jin a zamaninsu hula ake jefawa sama. Ya gwada. Hular ta tafi ba ta dawo ba. Murfin rumbu ya ɗaga, samarin suka fito suna kakkaɓe toka suna tambaya ko da saura.

Ni kuwa fuskar Yaya nake kallo. Ashe haƙorinsa na gefe a karye yake. Ban taɓa sani ba, don ban taɓa ganin bakinsa ya buɗe har can ba.

Daga nesa, wajen fadama, na ji wani sauti. Hannayen nan ne, da yanzu suka zama na Tudun Ƙaya, su kaɗai a duk garin suka tuna da tafi. Taf. Taf. Taf.

Na buɗe ido. Gari ya waye, sautin kuma bai tsaya ba. Na leƙa ta taga. Yaya Tasi'u ne a tsakar gida yana buga takalmansa da juna, busasshen taɓo yana zuba.

"Na tashe ki? Yi haƙuri. Wasan ƙarshe ne yau, a je a karɓo na rabo."

"Yaya, buɗe bakinka in gani."

"Ke lafiyarki kuwa?"

Bai buɗe ba. Na tambaye shi ƙarfe nawa ake take wasan, na ɗauko mayafina na rataye a ƙofa.