Kumbon Zai Kewaya

"Daga nan," in ji Injiniya, tana nuna allo da biro, "sai kumbon ya ɗan kewaya."

Wani ya sarƙe da shayi a ƙarshen tebur.

Ba ta kula ba. Karatun waje ya bar mata lissafi mai kaifi da Hausa mai tsatsa, yau kuma shugaban kwamiti ya ce ba ya son Turanci, a yi masa bayani yadda zai gane.

Kumbon hukumarsu yana zaune a wata matsaya tsakanin duniya da rana, inda jan wannan yake daidaita da jan waccan. Ana so a mai da shi wata matsayar a bayan duniya. Hanyar da ta zana doguwa ce, amma ba ta cin mai. Ta abokin aikinta, wanda ake kira Roka, gajeriya ce, tana shanye rabin tanki. Ɗaya kwamiti zai zaɓa, kuma babu gidan mai a can sama.

"Yi haƙuri, Injiniya," in ji Roka, fuskarsa kamar ta salihi. "Zai daɗe wajen kewayawar?"

"Na farkon ne yake ɗaukar lokaci."

"In ya matsu fa?"

"Ba a yi masa dole. Ɗan yunƙuri kaɗan ne, sauran ya tafi da kansa."

Sakatariya ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Roka ya jingina da kujera, ya gama cin nasara.

Shugaba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya cire tabarau.

"'Yata, idan an bar shi ya kewaya, zai yi tsawon rai?"

"Zai ƙara shekaru yana aiki, ranka ya daɗe."

"Haka likitana yake faɗa." Ya juya ga Roka. "Kai kuma so kake ya kama hanya bai kewaya ba? Ka taɓa yin doguwar tafiya kuwa?"

"Yallaɓai, ai ba irin wannan..."

"Yaran yanzu, komai sauri. A bar shi ya kewaya. An tashi."

A bakin matakala sakatariya ta riƙo mata hannu, tana share hawaye.

"Anti, don Allah, a can da kika yi karatu, idan mutum zai shiga banɗaki me yake cewa?"

Injiniya ta tsaya. Ta bi maganganunta ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan yunƙurin. Ta rufe ido.

"In gyara kalmar a bayanin taro?" in ji sakatariya.

"Da wacce ya amince?"

"Da kewayawa."

"To kar ki taɓa ta."